Tuƙin Mai Gilashi

Mijina mai yankan gilashi ne. Shi yake sa wa mutane gilashin taga da madubi da saman tebur, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagonsa ya san Allah ya zuba masa natsuwa har ta yi yawa. Zai kwantar da gilashi a kan teburinsa mai shimfiɗar bargo, ya goge, ya auna, ya sake aunawa, ya ɗiga wa abin yankan ɗan mai, sannan ya ja layi sau ɗaya tak. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabu biyu salin alin. A shago wannan hali abin yabo ne. A gida kuwa ni kaɗai na san abin da na gani.

Bara na yi ɓari. Cikin bai kai wata uku ba. Ina aji a saman bene ina koya wa yara karatu marata ta fara murɗawa, na ɗauka ba komai ba ne, na ƙarasa darasina, na sauko, kafin in kai gida jini ya zo. A asibiti aka kwantar da ni a ɗakin sikanin. Mai na'urar ya yi ta zagaya abinsa a kan cikina yana kallon allo, bai ce uffan ba, daga ƙarshe ya ce in tashi in gyara zanena. Wannan shirun ya fi ciwon yi mini zafi. Na yi kuka har na gaji, Mai Gilashi ma ya yi nasa a shago inda yake zaton ba wanda zai gani. Ba zan ja labarin ba, duk wadda ta taɓa shiga ta san yadda yake.

To bana sai Allah ya sake ba ni. Murnata ba ta yi nisa ba marar ta fara magana. Ba ciwo ba ne na a zo a gani. Wani ɗan ja ne, yau ta hagu, gobe ta dama, musamman in na miƙe da sauri ko na juya a gado. Ga wani nauyi can ƙasa, a gabana, wani lokacin da ɗan tsunguli da yake zuwa ya wuce kafin in ce wayyo. Jini babu ko ɗigo. Amma wadda ta taɓa rasa ciki ba a faɗa mata cewa ƙaramin ciwo ne, don wancan ma da ƙaramin ciwo ya fara. Na koma ba na shiga banɗaki sai gabana na faɗuwa, ba na fitowa sai na duba na sake dubawa.

Ranar da na gaya wa Mai Gilashi, muna cin abinci ne. Ya ajiye cokali a hankali, ya dube ni.

"Tun yaushe, Malama?"

"Kwana biyun nan."

"Kuma kina ta hawa benen nan?"

Daga wannan rana aka rufe mini duniya. Washegari ya je makaranta da kansa ya roƙar mini hutu. Ya dawo gida da buhun soso, irin wanda yake sawa tsakanin gilashi da gilashi kada su gogi juna. Ya naɗe kusurwar tebur, ya naɗe bakin gado, ya shimfiɗa wani a ƙofar banɗaki. Ya jera mini filo hagu da dama yadda ko juyi ba zan yi ba. Sannan ya je ya ɗauko Inna, mahaifiyarsa, ya ajiye ta a kujera a ƙofar ɗakina ta zama mai gadi.

Inna mutuniyar kirki ce, muna shiri sosai, amma in ta kama magana ba ta saki. Ita dai a wurinta benen makaranta ne ya zubar da wancan cikin. Shi kuma ɗan nata ya ɗora laifin a kan ramukan hanya. Ni ma da nawa tunanin, cewa da na zauna tun lokacin da marar ta fara murɗawa, da ban tsaya ƙarasa darasi ba, da yanzu ina goye da ɗana. Kowa da abin da yake zargi, amma duk mun haɗu a abu ɗaya: motsi ne ya jawo. Saboda haka maganinsa shi ne kada in motsa.

Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ni da yara ke jin takuna tun daga ƙasan bene su nutsu, sai ga ni kwance ina ƙirga layin silin. In atishawa ta taho sai in toshe hanci in danne ta har hawaye ya fito. Inna ta ba da labarin ban dariya, in ciji leɓe. Abin haushin, duk da wannan kwanciyar marar ba ta daina ja ba. Sai ma bayana da ya fara ciwo, cikina ya ɗaure, na koma ina faɗa da kowa har da fanka.

Asibiti kuwa na ƙi zuwa. Mai Gilashi ya yi magana, Inna ta yi, na ce a bar ni sai cikin ya yi ƙwari. Gaskiyar magana tsoron ɗakin nan nake yi. Muddin ina kwance a gida, ina da ciki. In na je aka ɗora mini na'ura aka yi shiru, shi ke nan.

Yayata ce ta karya ni. Ta zo duba ni, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon soso da filo, ta riƙe haɓa.

"Ke kuma madubin wa ye za a kai?"

"Yaya, ba na son wasa."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Kin kwanta kina ta duba kamar boka, shi yana duba, Inna tana duba, duk cikinku ba wanda ya ga abin da ke ciki. Akwai wata likita a bakin kasuwa, mace ce, tana da surutu kamar ke. Gobe da safe za ki je, na riga na yi magana."

Ta kira asibitin a waya ta miƙo mini. Nas ɗin ta ce tunda cikin ƙarami ne, kafin in fito in sha ruwa sosai, kuma kada in yi fitsari sai an gama, don in mafitsara ta cika hoton ya fi fitowa. Ni kuwa malama ce, in an ba ni umarni ba na yin rabi. Da safe na shanye babbar gora. Inna ta cika wani kofi ta ce in ƙara don hoton jikanta ya fito tas, na ƙara. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, nas ɗin ta yi lissafinta ne da tafiyar mutane. Ba ta san tuƙin mijina ba.

Yana da 'yar motar ɗaukar kaya mai katakai a baya, inda yake jingina gilashi a tsaye ya ɗaure da igiya. Ran nan ba gilashi a baya, amma kujerar gaba ta sha soso har sai da na yi kamar ina zaune a kan katifa. Ya ɗaura mini bel, ya cusa filo tsakanina da ƙofa, ya yi addu'a, muka tashi. In dai za a kira wannan tashi.

Masu keke suka wuce mu. Wani mai tura baro cike da bulo ya wuce mu, har ya waiwayo ya ga ko lafiya. Wani dattijo mai sanda ya yi mana sallama ta taga, ya yi gaba, can muka same shi zaune a kan benci yana hutawa, ya sake ɗaga mana hannu. Duk ramin da Mai Gilashi ya hango sai ya taka birki tun daga nesa, ya leƙa, ya yi nazari, sannan ya kewaye shi. In muka zo tudun rage gudu sai ya karkata motar ya haura da taya ɗaya-ɗaya, yana riƙe da numfashi. Motocin da ke bayanmu suna ta hon, shi ko a jikinsa.

Ruwan nan kuwa ya sauka inda aka aike shi. Da fari na ɗan matse ƙafafu. Can sai na ji marata ta yi tam, nauyin nan na ƙasa ya ninka, wani abu yana ja ta dama. Na rasa gane wanne ne fitsari, wanne ne ciwon. Sai zuciyata ta ce mini ai ya fara, irin na bara ne.

"Ka ɗan taka mota, don Allah."

"A hankali dai, Malama. Mun kusa."

"Ina muka kusa? Ga rufin gidanmu can ina hangowa!"

"Ai gara mu makara da a girgiza ki."

"Marata za ta fashe!"

Kuskuren da na yi ke nan. Yana jin na ambaci mara ya ƙara rage gudu.

Haka muka ja jiki har bakin kasuwa, inda muka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ta tare hanya ana sauke buhuna, ba gaba ba baya. Ina iya hango allon asibitin can ƙarshen layi, bayan shagunan masu yadi. Na dubi allon, na dubi mijina da ya kashe mota yana cewa mu jira a natse. Wani abu ya taso mini tun daga ƙirji. Tsoro ne da haushi da fitsari suka haɗu, ban san wanda ya fi ƙarfi ba. Na kwance bel, na ture filo, na buɗe ƙofa.

"Malama! Ina za ki? Malama, ki rufa mini asiri!"

"Ka taho da motarka a hankali, kada ta girgiza."

Na sauka na kama tafiya. Rabona da in taka ƙasa da ƙarfi haka tun kafin a rufe ni. Na ratsa tsakanin masu tallan takalma da masu gyaran waya, na tsallake kwata, na kauce wa wani mai babur. Kowane taku ina jin sa a marata. Jan nan na dama ya zo, ya saki, ya sake zuwa. Ina tafe ina hawaye, ina magana da abin da ke cikina a zuci: ka yi haƙuri, ka riƙe, saura kaɗan, kada ka yi mini haka. Mutane suna kallona, ban damu ba.

Na isa ƙofar ginin, sai na ga abin da Yaya ba ta gaya mini ba. Ƙasan duk kantin magani ne. Asibitin yana sama, ga matakala doguwa a gabana.

Na tsaya na kama ƙarfen. Wallahi da a ce marata ba ta cika ba, da nan zan juya. Amma ba wurin juyawa, ba kuma lokacin tsayawa tunani. Na yi bisimilla na hau. Ina kaiwa sama na faɗa kan teburin nas ina haki, na ce mata ni ce mai ruwa, kuma ina jin na lalata komai.

Ba ta ɓata lokaci ba ta shigar da ni. Likitar wata dattijuwa ce gajera, da tabarau a kan hanci. Ta ba ni kujera, na ce in na zauna ba zan iya tashi da mutunci ba. Ta yi dariya ta nuna mini gado. Tana wanke hannu tana jefo tambayoyi. Akwai jini? Babu. Zazzaɓi? Babu. Zafi wajen fitsari, ko ƙaiƙayi? Babu. Ciwon yana tsayawa gefe ɗaya ya yi ta ƙaruwa, ko yana zuwa yana tafiya? Yana zuwa yana tafiya. Yana hana ni barci? Na ce tunani dai yake hana ni.

Ta shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, ta ɗora kan na'urar ta danna. Na ga taurari. Ta juya allon wajenta ta ƙura masa ido, ɗakin ya yi tsit.

"Likita, don girman Allah ki yi magana. Ko zagina ne ki yi, kada dai ki yi shiru."

Ta dube ni ta saman tabarau, da alama ta gane.

"To bari in fara da abin da ya cika mini allo. Wannan baƙin tafkin mafitsararki ce. Baiwar Allah, ruwa aka ce ki sha, ba a ce ki shanye rijiya ba." Ta ɗan matsar da hannu. "Ga mahaifa nan a bayanta. Ga jakar a ciki, inda ya kamata ta kasance, ba a wani wuri ba. Yanzu ki buɗe idon nan da kika rufe."

Ta juyo da allon. Na ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a kwance. A tsakiyarsa wani ɗigo yana ƙyaftawa da sauri, ba ya tsayawa. Ta murɗa wani maɓalli, sai ɗakin ya cika da ƙara, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar mai gudu.

"Zuciyarsa ke nan. Girmansa ya yi daidai da kwanakinsa. Wannan yana nan daram."

Na buɗe baki in yi hamdala, kuka ya riga ta fitowa. Na yi ta yi, cikina yana rawa, hoton yana tsalle a allo, likitar tana cewa in tsaya mana ta gama awo. Da na samu numfashi na ce mata ai da ƙafa na zo, da sauri ma, kuma na hau benen nan.

"Madalla. Gobe ma ki hau."

"To ciwon fa?"

"Mahaifarki ce take girma. Akwai jijiyoyin da suke riƙe da ita hagu da dama, dole su miƙe, shi ne jan da kike ji. Jini kuma ya ƙaru a wajen, shi ya sa kike jin nauyi a ƙasa. Ki saurare ni da kyau: in kin ga jini, ko ciwo ya yi tsanani ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi, ko jiri, ko zafin fitsari, kada ki jira kowa, ki taho. Alƙawarin gobe ba a hannuna yake ba, na Allah ne. Amma abin da na gani yau lafiya ƙalau ne."

Sannan na tambaye ta abin da ban taɓa iya tambayar kowa ba.

"Na bara fa? Ina aji ciwon ya fara, ban zauna ba."

Ta ajiye abin da ke hannunta.

"'Yata, yawancin cikin da yake zubewa da wuri haka, tun farkon halittarsa ne bai haɗu daidai ba. Da kin zauna, da kin kwanta, da kin rataye ƙafafunki a sama, ba abin da zai canza. Ba benenki ba ne, ba darasinki ba ne. Ba ke ba ce."

Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ta sauke mini. Na ji daɗi, na ji haushi, na ji kamar in tashi in yi rawa, duk a lokaci guda.

"To tashi maza," in ji ta, "banɗaki yana ƙarshen baranda, kafin ki jiƙa mini gado."

Na yunƙura, sai na tuna da mutumin da na baro a cunkoso.

"Likita, in na yi fitsarin, zai sake fitowa haka?"

"Zai fito, amma ba tas haka ba."

"To zan jira. Mijina yana hanya."

"Za ki iya?"

"Ban sani ba. Amma bara shi ma bai ji komai ba."

Na koma na kwanta na damƙe gefen gado. Ba zan yi ƙarya ba, wannan jiran ya fi tafiyar da benen wuya. Na karanta duk addu'ar da na sani. Na murɗa yatsun ƙafa. Nas ta leƙo ta ce ko ta kawo mini ruwa, na harare ta, ta fita tana dariya. Likitar kuwa ta zauna tana ba ni labarin jikokinta don ta ɗauke mini hankali, ni ban ji ko kalma ɗaya ba.

Sai muka ji ana hawowa bene da gudu, ana tsallake matakala. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi har ta bugi bango. Mai Gilashi ne, rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, rungume da filo. Ashe a tsakiyar titi ya bar motar, ko makulli bai cire ba. Ya ga hawaye a fuskata, ya ga na'ura, sai ya jingina da bango.

"Malama... shi ke nan?"

"Matso nan, maigida," in ji likita. "Matarka ta yi maka ajiya, kuma ba za ta iya riƙewa da daɗewa ba."

Ta sake ɗora na'urar ta murɗa maɓallin. Ƙarar nan ta dawo. Ya tsaya kamar an dasa shi. Filon ya zame daga hannunsa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya kai yatsa kusa da ɗigon da ke ƙyaftawa, bai taɓa ba.

"Wannan... namu ne?"

"To na wa? Da ƙafarta ta kawo shi, ta hau bene da shi, ko gezau bai yi ba."

Ya durƙusa a wurin yana alhamdulillahi, yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Na so in bar shi ya more, amma ni tawa ta ƙare.

"Ka gani? Ka ji?"

"Na ji, Malama, na ji!"

"To ba ni hanya!"

Na diro daga gadon, ko man ban goge ba, na tattare zane na yi waje da gudu. Barandar cike take da masu jiran layi, wasu a benci, wasu a tsaye sun tare hanya. Na ji takunsa a bayana, na ce shi ke nan, zai kama ni ya ce in tsaya. Sai kawai ya wuce ni a guje, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya buɗe hannuwa yana ture iska, yana ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba tun da na aure shi:

"Ku matsa! Ku ba ta hanya, bayin Allah! Mutum biyu ne ke tafe!"